Wanda Ya Juya Duwatsun Hanya

Wanda ya kashe Malam Rabo bai zare wuƙa ba, bai ɗaga sanda ba. Duwatsu uku ya kawar daga inda aka jera su, ya koma inuwa ya zauna yana kallon tsoho ɗan shekara saba'in ya nufi kwarin da babu ruwa. Wannan kisa ne, duk sunan da mai shi ya so ya ba shi. Mu kuma mutanen unguwar Bani Harisa ta Madina saura kaɗan mu ɗora wani rai a kan na tsohon, don kawai hankalinmu ya kwanta.

A shekarun nan, talakawanmu da ba su da fasfo ba su da kuɗin jirgin sama ta Sudan suke biyowa. Kwale-kwale ya tsallako da su Bahar Maliya, ya zube su a wani lungu yamma da Badar, daga nan sai ƙafa. Ƙauyuka uku ne a kan tsaunukan da ke bakin tekun. Suna da sunayensu na Larabci, amma mutanenmu nasu suka laƙaba musu: Ƙauyen Masunta da ke kallon ruwa, Rijiyar Ɗaci a tsakiya, sai Ƙauyen Dabino inda hanyar mota ta fara. Da yake ƙarfin matafiya ba ɗaya ba ne, akwai doka. Duk inda hanya ta rabu, jagora zai jera duwatsu uku a bakin wadda za a bi, ya danne farin tsumma da na ƙarshe. Wanda ya rage a baya ya bi duwatsu. Ba a taɓa su, ko makiyayan wurin sun san haka.

Ranar wata Litinin cikin Rajab na shekarar 1398, mutum ashirin da uku suka tashi daga Ƙauyen Masunta. Ashirin da biyu suka isa Ƙauyen Dabino. An ɗan nemi Malam Rabo a kan hanya ba a gan shi ba, tsoron masu sintiri ya sa aka cika mota aka taho Madina. Ranar Laraba wani makiyayin awaki ya tsinci gawarsa can cikin wani busasshen kwari, gorarsa a ƙirjinsa babu ko ɗigo. Makiyayin ya gaya wa shurɗa, wato 'yan sanda, abin da ya gani daga kan tudu ranar Litinin: da hantsi wani baƙin mutum mai farar riga ya tsuguna a mararraba, duwatsu suka koma bakin hanyar hagu. Da la'asar ya sake wucewa, ya tarar sun dawo dama.

Mulazim, hafsan da ke riƙe da markaz, wato ofishin 'yan sanda, ya kira Shehu Lawali, shugaban Hausawan unguwarmu, ya yi masa magana a taƙaice. Ko dai ya kawo mai laifin kafin azahar ɗin Asabar, ko kuwa a zo da motoci a duba iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, gida gida. Rabin unguwar ba su da iƙama, wanda kuma aka kama ba shi da ita jirgi ake sa shi a mayar da shi gida.

* * *

Ranar Alhamis da safe tsakar gidan Shehu ta cika. Kafin a zuba shayi an riga an sami mai laifi. Sunansa Lurwanu, ɗan shekara talatin da wani abu, wanda ya haɗu da Malam Rabo a Sudan ya zama mai ɗaukar masa kaya. An ji sun yi cacar baki da asubar Litinin. Ya ɓace daga ayari tun azahar bai dawo ba sai magariba. Jakar tsohon kuma a kafaɗarsa take. Babban laifinsa shi ne ba shi da kowa a Madina. An kulle shi a ɗakin ajiyar gawayi.

"Me muke jira kuma?" in ji Shittu, jagoran ayarin, yana share gumi da gefen rawaninsa. "Shekara sha takwas ina ratsa duwatsun nan ban taɓa yar da ko akuya ba. Wannan ɗan neman ya zo ya ɓata mini suna."

Alhaji Sharfuddeen ya ɗaga hannu a hankali. Shi ne mai babban kantin kayan alhazai kusa da Harami, mai tabi'iyya, wato cikakken ɗan ƙasa. Duk lokacin da kwale-kwale ya sauke mutane, shi ke tuƙa wanit ɗinsa, motar a-kori-kura, zuwa Ƙauyen Dabino, ya gangara da ƙafa har Ƙauyen Masunta ya tarye su da dabino saboda Allah. A wannan karon ma ya je.

"Ya jama'a, shuwayya shuwayya," ya ce. Hausarsa kullum rabinta Larabci ce. "Wallahi galbina yana ciwo a kan miskinin nan. Lakin akwai harim, matanmu, da yara a unguwa. In an kai shi, hukuma za ta yi adalci."

Daga bakin ƙofa wani ya ce, "Adalcin takobi ne, Alhaji. Faɗi sunansa."

Maiwada ne. Ya haura sittin, mai gadin wata gonar dabino ne a bayan gari. Kafin ya zo ƙasar nan ya yi shekara talatin yana bin sawun raƙuman sata a arewacin Nijar, kuma har lokacin in an sace wa Balarabe tumaki shi ake nema. Ba ya yawan zuwa taro, ba a kuma cika son zuwansa ba.

"Cikinku wa ya je ya ga wurin?" ya tambaya.

Ya juya ga Shehu Lawali.

"Shehu, ba ni zuwa hantsin Asabar. In ban zo da komai ba, ku yi abin da kuka riga kuka yanke."

Shehu Lawali ya dubi fuskokin mutane, ya dubi ƙasa. "Hantsi, Maiwada. Ba azahar ba."

* * *

Lurwanu na zaune a kan buhun gawayi, leɓɓansa sun tsattsage. Maiwada bai gaishe shi ba.

"Miƙo ƙafarka."

Ya miƙa. Takalmin taya ne, an yi wa diddigen hagu faci da ƙusa biyu. Maiwada ya juya shi ya duba, ya ajiye.

"Me ya haɗa ka faɗa da tsoho?"

"Baba, 'yarsa na nema. Ruƙayyatu. Mijinta ya rasu a hanya shekara biyu ke nan. Ya ce ba zai ba mutumin da bai san asalinsa ba. Na ce shekara guda ina ɗauke da kayanka ba ka tambayi asalina ba. Ya ce in ɓace masa da gani."

"Sai ka ɓace."

"Na ɗauki jakar na yi gaba, don ba zai iya da ita ba. Da muka sauka Rijiyar Ɗaci na ga bai iso ba, na cika gora na koma. Na ce bari in yanke ta kan tsauni in riske shi da wuri. Duwatsun nan duk kamarsu ɗaya, Baba. Na ɓata. Da ƙyar na dawo."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Shi ba ya zuwa markaz ba da shaida," in ji Maiwada, ya fita.

Ruƙayyatu tana ɓangaren mata. Ta yi magana ta bayan labule, muryarta ta dushe.

"Lurwanu ba zai yi ba. Baba ya zage shi, amma da hannunsa yake wanke masa ƙafa in ta kumbura."

"'Yata, bar Lurwanu. Ranar Lahadi a Ƙauyen Masunta, yaya mahaifinki yake?"

"Murna yake yi. Tun da muka baro gida ban ga ya yi dariya haka ba. Ya zo inda mata suke da la'asar ya ce mini wahala ta ƙare, ya ga ɗan Dumbulwa. Wata maƙwabciyarsu ce a ƙauyenmu kusa da Mirriya, ta rasu tun ina ƙarama. Ya ce ɗanta ya bar gida shekara talatin, ga shi Allah ya haɗa su."

"Wane ne cikin mutanen?"

"Ban gan shi ba. Maza suna can gindin dutse, mu muna nan."

Maiwada ya zagaya unguwa yana tambaya. Babu wanda ya taɓa jin ɗan Dumbulwa a Madina. Sai ya je ya sami Shittu a shagon mai shayi.

"Tashi. Kai za ka raka ni."

"Ni? Jiya na dawo, ƙafata ba ta huce ba."

"Kai ka jera duwatsun. In ka ƙi zuwa, zan gaya wa Shehu ka ƙi."

Shittu ya ajiye kofin bai shanye ba.

* * *

Motar kayan lambu ta kai su Ƙauyen Dabino da yammacin ranar. Gidajen dutse ne kamar goma sha biyar a liƙe jikin tsauni, da ƙaramin masallaci ba rufi. Maiwada ya zauna da limamin, wani tsohon Balarabe mai ido ɗaya, suka daɗe suna magana ƙasa ƙasa. Shittu ya yi ta kai da komo.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce bana dabino bai yi ba."

Da asubar Juma'a suka kama hanya. Siririyar hanya ce ta awaki, tana hawa tana sauka, a wasu wurare sai mutum ya dafa dutse da hannu. Ta hagu rami ne mai zurfi. In aka hau tudu sai a hango teku can ƙasa, fari kamar kwano, sannan ya sake ɓacewa. Shittu na gaba, Maiwada na baya idonsa a ƙasa. Dab da Rijiyar Ɗaci ya tsaya.

"Shittu."

"Na'am."

"Ka ce ranar Litinin ka kwanta a gindin rijiya tun daga hantsi har la'asar."

"Haka aka yi."

"To wannan sawun wa? Ƙafar dama tana jan ƙasa, kamar taka. Ya bar hanya ya hau can."

Shittu ya juyo. Hanyar a nan faɗinta bai fi kamu biyu ba, kuma ya fi Maiwada ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai wuƙa a ɗamararsa. Suka tsaya suna kallon juna, iska na kaɗa rigunansu.

"Tsoho, ka san babu kowa a nan sai ni da kai?"

"Na sani. Shehu ma ya san da wa na taho. Wuce mu gani."

Shittu ya yi tsaki, ya hau. A bayan wani ƙaton dutse akwai kogo, an toshe bakinsa da ƙaya. Ya janye ƙayar. Huhun goro ne guda huɗu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

"Ga kisan da na yi," ya ce. "Mai kwale-kwale ke kawo mini a ɓoye, don an hana shigo da shi ƙasar nan. In ban yayyafa masa ruwa ba ya bushe. Ka je ka faɗa, a kama ni a kan goro."

Maiwada ya duba ƙasan kogon. Sawun ya shiga, ya daɗe, ya fito ya koma rijiya. Bai nufi mararraba ba.

"Ka tsawata wa tsohon a hanya?"

"Na tsawata. Na ce in bai ɗaga ƙafa ba rana za ta cinye mu duka. Abin da nake gaya wa kowane tsoho ke nan." Muryarsa ta sauka. "Na bar shi a baya saboda na amince da duwatsuna. Wannan kam na yi."

"Ba ni goro ɗaya," in ji Maiwada.

Bayan Rijiyar Ɗaci ya tsinci abin da yake nema: diddige mai ƙusa biyu. Sawun ya bar hanya ya hau tsauni, ya yi ta kewaye kamar na makaho. Sun bi shi fiye da sa'a guda. A wani ɗan fili mai yashi tsakanin duwatsu biyu, sawun ya tsaya. Ga shatar tafin hannu biyu inda aka yi taimama, ga gurbin goshi, ga na gwiwoyi. Maiwada ya tsuguna ya daɗe. Ya ɗauki tsinke ya kwantar daga gurbin gwiwa zuwa na goshi, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ya yi sallah ga gora cike a hannunsa, amma ya yi taimama," in ji Shittu. "Wawa."

"Ruwan na tsoho ne," in ji Maiwada.

* * *

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa mararraba. Duwatsu uku suna nan a dama, tsumma a ƙarƙashin na ƙarshe. A bakin hanyar hagu kuwa ga gurabe uku a cikin tsakuwa inda suka taɓa zama. Sawun tsohon ya bi ta nan, gajerun taku da ɗigon sanda a gefe. Bai ko yi jinkiri ba. Ya ga duwatsu ya bi, kamar yadda aka ce masa.

Na wanda ya juya su kuwa babu. Ya taka dutse ne kawai, bai yarda ƙafarsa ta taɓa yashi ba.

"Mai wayo ne," in ji Shittu. "Mun sha rana a banza."

Maiwada ya ɗago kai daga ƙasa. Ya tsaya a kan mararrabar yana juyawa a hankali, yana duban sama.

"Ya juya da hantsi, ya mayar da la'asar. Tsakanin nan a ina ya zauna? Mutum ba ya zama a wannan rana. Kuma dole ya ga wucewar tsohon."

Sama da su, kamar tsayin dabino uku, wani dutse ya turo kai ya yi rumfa. Suka hau. Ƙarƙashin rumfar yashi ne mai laushi wanda iska ba ta kai masa. An share shi da reshe, an share sosai. Amma a can gefe, inda rufin ya yi tsawon da mutum zai iya miƙewa, mai sharar ya manta, ko kuwa hannunsa ya ƙi. Tafin hannu biyu. Goshi da hanci. Gwiwoyi. Yatsun ƙafa.

Shittu ya ja da baya. "La'ilaha illallahu. Sallah ya yi? Yana kallon tsoho na tafiya ga mutuwa?"

"Raka'a huɗu, bai ma yi ƙasaru ba. Dubi yadda gurbin ya zurfafa." Maiwada ya kwantar da tsinkensa daga gwiwa zuwa goshi. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Lokaci ya yi. Ja mu sallah."

"A nan?"

"Can waje."

Shittu ya fita kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya ɗaga kai ya nemi wani tsauni mai tsaga a ka kamar an sare shi da gatari, can tsakanin kudu da gabas. Ya daidaita ƙirjinsa da shi.

"Me ya sa can?" in ji Maiwada.

"Alƙiblar wurin nan ke nan. Duk ɗan tsaunukan nan da Mai Tsaga yake sallah. Makiyaya suka koya mini tun zuwana na farko."

"Ko kana kai kaɗai?"

"Ko a mafarki."

Maiwada ya waiwaya ya dubi tsinkensa a cikin rumfa. Ba ya kallon Mai Tsaga.

"Kabbara," ya ce.

* * *

Hantsin Asabar tsakar gidan Shehu ta fi ranar Alhamis cika. An fito da Lurwanu, hannunsa ɗaure da igiyar rijiya, gawayi ya ɓata masa riga. Wanit ɗin Alhaji Sharfuddeen na ƙofar gida, shi ya ba da ita a kai shi markaz. Mata na bayan labule.

Maiwada ya shigo da ƙura har gwiwa. Bai zauna ba. Ya zana gicciye a ƙasa da sandarsa.

"Ga gabas, ga kudu. Lurwanu, in azahar ta same ka a daji a garinku, yaya kake gane alƙibla?"

Lurwanu ya ɗago da ƙyar. "Inuwata nake bi, Baba. Inda ta faɗi nan ne gabas."

"Haka muka taso dukanmu. Na ga inda ka yi sallah ranar Litinin a kan tsauni, gabas ka duba sak. Sallarka ta tafi Najadu, ba Makka ba. Kwanansa ɗaya a ƙasar nan, jama'a. Ya bi liman sau uku ko huɗu, amma da ya kaɗaita cikin duwatsu sai jikinsa ya koma abin da ya saba."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Shittu kuma da makiyayan wurin, wani tsauni suke duba, a nan." Ya ja layi tsakanin kudu da gabas. "Wanda ya juya duwatsu ya zauna a wata rumfa sama da mararraba, azahar ta same shi, ya yi sallah. Bai dubi gabas ba. Bai dubi tsaunin ba. Ya sa inuwarsa a hannun hagu ya dubi kudu tsantsa." Ya ja layi na uku. "Shehu, su wa ke sallah haka?"

Shehu Lawali ya dubi layin na uku. "Mu. Mutanen Madina."

"Mutanen Madina nawa ne a kan tsaunin nan ranar Litinin? Shittu ɗaya, na kuma ga inda ya yini. Saura wa?"

Babu wanda ya juya kai, amma kowa ya san inda ba ya son dubawa. Alhaji Sharfuddeen ya yi murmushi, ya gyara mishlahinsa, alkyabbar nan ta Larabawa.

"Ya Shaikh Lawali, wannan kalam faɗi ne, zancen banza. Yashi? Za a kama mutum da yashi? Ana na tashi gabla kowa, da asuba, na wuce in shirya wanit. Kullu wahid ya gani."

"An ga tashinka," in ji Maiwada. "Isarka nake tambaya. A ina ka yi azahar?"

"Fi masjid na Ƙauyen Dabino."

"Limaminsu ya ce su huɗu suka yi azahar ranar, ya lissafa mini sunayensu. Ya ce mai wanit ya iso ana shirin magariba, ya shanye moɗa uku a tsaye."

"Shaibani ne, tsoho tukuf mai ido ɗaya!"

"Da shi ya gan ka."

Tsakar gida ta ɗauki guna-guni. Shehu ya ɗaga hannu, ya aika aka ɗauko Alƙur'ani daga ɗakinsa, aka ɗora a kan buzu, aka ajiye buta a gefe.

"Alhaji, ba na ƙaryata ka. Yi alwala ka dafa, ka ce a Ƙauyen Dabino ka yi azahar ɗin Litinin. In ka dafa, magana ta mutu, mu tafi da wannan."

Sharfuddeen ya tsuguna ya ɗauki buta. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Ya yi komai a hankali, ba a jin motsin kowa sai zubar ruwa. Lurwanu ya rufe ido. Alhaji ya taso ya durƙusa gaban buzun, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama, bai taɓa Littafin ba.

Daga bayan labule muryar Ruƙayyatu ta fito.

"Kai ne ɗan Dumbulwa? Baba ya ce in ware maka sauran daddawarmu. Ya ce ka daɗe ba ka sha miyar gida ba. Tana nan a ƙullina."

Hannun ya faɗi a kan cinyarsa. Da ya buɗe baki, babu Larabci ko kalma ɗaya. Hausar Damagaram ce tsantsa, irin wadda ba mu taɓa ji daga gare shi ba.

"Na roƙe shi. Na ja shi gefe na ce Baba, ka yi shiru da sunan nan. Ya yi dariya, ya ce wa ke ɓoye uwarsa? Ya ce in ya iso Madina sai kowa ya san shi ya riƙe ragon sunana. Takardata ta ce a Madina aka haife ni. Shaidu biyu suka rantse a kai. Kantina, gidana, 'ya'yana huɗu da ke makaranta, duk a kan takardar nan suke tsaye. Ba don ya mutu na yi ba. Cewa na yi makiyaya za su tsince shi su kai shi markaz, a mayar da shi gida."

"Ya wuce ta ƙarƙashinka," in ji Maiwada. "Ka ga gorarsa?"

"Na gani."

"Wace iri ce?"

Maiwada ya amsa da kansa.

"'Yar ƙarama ce, ta alwala. Ka san kwarin nan, ka san watan da muke ciki. Kira ɗaya daga inda kake zaune da ya juyo."

Sharfuddeen ya kifa kansa a ƙasa.

A nan ne aka yi abin da ya fi ba ni kunya a duk wannan lamari. Wani dattijo daga cikin manyanmu ya matso kusa da Shehu, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Shehu, a duba. In aka tono takardar Alhaji, za a tono ta shaidunsa, daga nan ba mu san inda za ta tsaya ba. Mutum ne mai iyali, ya yi wa unguwar nan alheri. Wancan kuwa babu mai kuka a kansa. Mulazim mutum ɗaya ya ce a kawo."

Ba wanda ya ce masa kul. Wasu ma sun gyaɗa kai. Waɗannan mutane ne da ba sa rasa sahun farko a Harami.

Maiwada ya ɗauki sandarsa.

"To ku ɗauke shi. Ku sa shi a mota. Ni kuma zan tari tasi in bi bayanku, in ɗauki mulazim in kai shi rumfar nan da ƙafata. Ni ma ba ni da iƙama, ku sani. Sai a haɗa da ni a jirgin."

"Da ni," in ji Shittu daga inda yake tsugune. "Duwatsuna aka taɓa."

Shehu Lawali ya dubi agogonsa. Ya tashi da kansa, ya karɓi wuƙar Shittu, ya yanke igiyar hannun Lurwanu. Lurwanu ya zube a wurin yana kuka ba sauti. Cikin duk waɗanda suka kulle shi kwana biyu a ɗakin gawayi babu wanda ya ce masa yi haƙuri.

"Alhaji, tashi," in ji Shehu. "Ba Shittu makullin motar."

An isa markaz kafin kiran azahar. Sharfuddeen ya maimaita maganarsa gaban mulazim, ya sake maimaita ta gaban alƙali. Aka ɗaure shi shekara goma sha biyu. Aka soke tabi'iyyarsa, aka rufe kantin. Ranar da ya gama wa'adinsa, daga kurkuku aka wuce da shi tashar jirgin ruwa ta Jidda, aka fitar da shi daga ƙasar.